Baƙin tabo a fuskata ya ƙi tafiya, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa mata da likitocin fata, don Allah ku taimaka min. Tun ina da ciki baƙi-baƙi ya fito min a kumatu da goshi da saman leɓe. Aka ce in na haihu zai washe. Ga yaro har ya fara rarrafe, tabon yana nan daram, in na sha rana ko na daɗe a bakin murhu ma ƙara duhu yake.

Likita ya ce melasma ce, ya rubuta min maganin shafawa azelaic acid da man kariyar rana SPF 50, ya ce mayukan rage tabo hydroquinone da tretinoin sai na yaye. Kullum ina shafawa, sauƙin kaɗan ne, man ranar kuma fuskata yake bari kamar na shafa toka.

Yanzu ƙawata ta dame ni in sha ƙwayar tranexamic acid, wai tana rage tabon. Ni kuwa ina shan ƙwayar tazarar haihuwa, kuma na ji haɗa su na iya jawo daskarewar jini. Ko ita ƙwayar tazarar ce ma ke hana tabon tafiya? In canza ta? Cire tabo da hasken laser fa, ga mai duhun fata irina, ba ya ƙara baƙanta wurin?