Me ya sa har yanzu Turancina yake shan jan biro?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Zariya, shekara tara ke nan ina rubuta rahoton marasa lafiya da Turanci, ba wanda ya taɓa cewa bai gane ba. Sai da na zauna jarabawar IELTS ta gwajin Turanci na san da sauran rina a kaba. Karatu, sauraro da magana duk na samu 7, amma rubutu sau biyu ina maƙalewa a 6, alhali hukumar jinya ta Birtaniya 6.5 take nema. Na kai wa wata malama rubutuna na gwaji, ta dawo mini da shi jawur. Ta ja layi a ƙarƙashin "equipments", da "discuss about", da "I have seen the patient yesterday". Biyun farko na karɓa, na ukun kuwa wallahi har yanzu ban ga laifinsa ba. Don Allah masana ku fitar da ni duhu.

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam 'yata. Laifin ba na rashin sani ba ne, Hausarki ce ta leƙo ta ƙarƙashin Turancin. Mu muna cewa "na ga mara lafiya", mu kuma ce "na ga mara lafiya jiya", wannan "na" ɗin bai motsa ba. Bature ya raba su biyu. Muddin kika ambaci lokacin da ya riga ya shige, jiya ko bara ko 2019, to "have" ta faɗi, sai "I saw the patient yesterday". Idan ba ki faɗi lokaci ba, abin da ya dame ki kawai a san an gan shi, nan ne wurin "I have seen".

Ƙanwar wannan matsalar ita ce "tun". Muna cewa "tun shekara tara nake aiki a nan", sai hannu ya rubuta "I am working here since nine years". Kuskure biyu a jumla ɗaya. "Since" da mafari take tafiya, kamar shekara ko rana, tsawon lokaci kuwa na "for" ne: "I have been working here for nine years". Na gyara wannan a takardun masu digiri na biyu ba adadi.

"Equipments" ma daga gida ta taso. Muna da kayayyaki, shawarwari, bayanai, duk da jam'i, shi ya sa "advices" da "informations" suke mana daɗi a baki.

Baƙuwar Manchasta:
Anti, bar ta rubutu, a baki ma abin na nan. Watana na farko a nan shugabar ɗakinmu ta tambaye ni, "You didn't give him the injection?" Na ce "yes", ina nufin e, ban yi masa ba, yadda za ki amsa "ba ki yi masa allurar ba?" Ita ta ɗauka na yi. Allah ya sa ta duba takarda ta ga ba sa hannuna. A wajensu in ba ki yi ba "no" ce, ko yaya aka juya tambayar. Sai kuma "I am coming" da nake cewa ina ficewa daga ɗaki, su bi ni da kallo. "Ina zuwa" ce tamu tsaf, na sa mata kwat.

Ɗan Sabon Gari:
Ni fa ban yarda komai kuskure ba ne. A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, har da "next tomorrow" da "severally" da Kannywood. Sai yaushe za mu daina rawar jiki a gaban Turancin Ingila?

Tsohon Malami:
Ɗana, ya shigar da su, amma da tambarin Najeriya a jikinsu. A Ingila "severally" na nufin kowa daban-daban, ba sau da yawa ba. A kasuwar Sabon Gari faɗi abinka, ba mai hana ka. Ita wannan baiwar Allah rabin maki take nema, kuma nahawu shi ne kashi ɗaya cikin huɗu na makin rubutun.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri, Baba. Yanzu na koma kan rubutun, na tsinci "staffs" har sau huɗu, malamar ma ɗaya ta gani. Saura "borrow me your pen", ita ma "ara mini" ce ko?

Tsohon Malami:
Ita ce. "Lend me" za ki ce.