Silo ya ƙi sauka tun da na cire eya kilina, wa ya taɓa gamuwa da haka?

Mai Fijon Gado:
Salam 'yan uwa. Ina da 504 haɗin Kaduna wadda mahaifina ya bari, ranar Asabar na cire eya kilina, wato matatar iskar injin, na wanke na mayar, tun lokacin in na tayar sai silo, wato gudun injin in mota tana tsaye, ya haura, injin ya riƙa ihu kamar an taka totur, ko ya yi zafi ba ya sauka. Na juya sukurun silo har ƙarshe ba canji. Kuma akwai wani bututu a jikin eya kilinan da na ga ba komai a kansa. Don Allah a taimaka, motar nan tana da daraja a wajena.

Bakanike daga Panteka:
Alhaji ka daina taɓa sukurun nan tukuna. Injin yana shan iska ta wani waje ne. Bututun da ka gani na numfashin injin ne, tiyonsa daga injin yake zuwa, ka nemo shi ka mayar kar ƙura ta shiga ta nan. Amma ramin da ke sa silo ya haura yawanci a ƙasan kafireta yake ko jikin manifol, wato bututun da ke kai iska da mai daga kafireta zuwa cikin injin. Tawa haka ta min, sati biyu ina fama, na sauke kafireta sau uku na wanke, ashe tiyon birki mai kauri da ke zuwa tukunyar da ke ƙara wa birki ƙarfi ne ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani, da na matse shi da filaya sai injin ya kwanta nan take. 504 mai lafiya wajen juyi 800 zuwa 900 a minti take tsayawa a silo.

Direban Maraɗi:
Ni dilko, mai raba wuta ga fulogi, ne ya wahalar da ni. Yaron gareji ya ɗauki siririn tiyon dilko ya sa a manifol maimakon jikin kafireta, to can tsotso ba ya yankewa, taimin ya yi gaba ko ba ka taka komai ba. Ka duba wannan ɗan uwa.

Mai Bitil:
Tawa Bitil ce 1600 amma ciwon ɗaya ne. Robobin nan biyu da ke haɗa manifol sun bushe sun tsattsage saboda zafi. Na fesa maganin wanke kafireta a wajen, ƙarar injin ta canza, shi ke nan na gane. Amma a fesa kaɗan kuma nesa da wayar fulogi, abin yana kamawa da wuta. Sannan a leƙa cok, marfin da ke rage iska a bakin kafireta in injin na sanyi, in ya maƙale a rufe silo ba zai sauka ba.

Bakanike daga Panteka:
Gaskiya ne Malam. Har wayar totur ma, in an ɗaure ta tam ba sassauci haka take yi.

Mai Fijon Gado:
Alhamdulillah! Oga na bi maganarku ɗaya bayan ɗaya. Tiyon numfashin na same shi a lanƙwashe a bayan injin na mayar, amma mai laifin siririn tiyon dilko ne, ashe da nake ciro eya kilina na fizge shi ya rabe a baki, sauran ya faɗa kan ramin da ba nasa ba lokacin da na mayar. Na sa sabo a inda ya dace, na dawo da sukurun yadda yake. Yanzu tana silo a hankali irin yadda nake jin ta lokacin Baba. Allah ya saka da alheri.