Na biya ko na kyauta, wanne ya fi?

Abu_Sadiq:
Salam jama'a dan Allah ina neman shawara. Wani kamfani ne ke ta turo min talla wai in yi rajista in riƙa biya duk wata, su ba ni imel da labarai da wurin ajiye hotuna duk a wuri ɗaya, to ni abin da ya ɗaure min kai ai duk waɗannan Yahoo da MSN da Google suna bayarwa ba ko sisi. Me zan samu a na kuɗin da babu a can?

Injiniya:
Wslm ɗan'uwa. Wannan gardamar ai tsohuwa ce, kamfanin intanet na AOL a Amurka da kuɗin wata-wata ya yi ƙarfi, da mutane suka ga imel da labarai da hira duk ga su nan kyauta a Yahoo sai suka yi ta zamewa, har a 2006 shi ma ya buɗe imel ɗinsa kyauta. In dai labarai ne da imel kawai, riƙe kuɗinka.

Maman Hanan:
Injiniya gaskiya ne amma fa ka manta maganar wajen ajiya. Google 15GB yake bayarwa kuma Gmail da Drive da Photos duk a ciki suke rabawa, iCloud na Apple ma 5GB ne kacal, tun Yunin 2021 aka daina ajiye hoto ba iyaka a Google Photos, in wajen ya cika ko saƙo ba zai shigo ba. Mai yawan bidiyon yara irina dole ya biya ko ya yi ta gogewa.

Ɗan Birni:
Hajiya ai na kyautan ma ana biya, da ido ake biya, talla ta ko'ina 😂 kuma ran da suka ga dama su rufe, GeoCities, inda mutane ke buɗe shafukansu kyauta, a 2009 haka aka yi shafukan mutane suka tafi. Sai dai na kuɗin ma wani bai cire talla ba, a karanta sharuɗɗa tukuna.

Abu_Sadiq:
Na gode sosai. Wajen ajiyata na kyauta ko rabi bai cika ba, kenan in bar na kuɗin?

Injiniya:
Bari kawai Malam, sai ran da ya cika. In ma za ka gwada na gwajin da suke bayarwa kyauta, ka duba ko katinka za su riƙa cira da kansu in wa'adin ya ƙare, ka kashe wannan tun ranar farko.