Wai fasfo hoto ne ko littafi? Mu tsayar da magana ɗaya

Jama'a ku taimaka mana da wannan. Makon jiya kawuna zai tafi Umara, ejan ya bugo waya ya ce a kawo fasfo, sai ga Kawu ya ciro ambulan daga aljihun gaba, hotuna huɗu masu farin bango har da sabuwar hula ya sa aka ɗauka. Ejan ya ce a'a Baba littafin nake nufi, Kawu ya ce to ai da ka ce littafi. Kuma wallahi gaskiyarsa, don mu nan in aka ce "kawo fasfo biyu" a makaranta ko wurin neman aiki kowa ya san hoto ake nufi, shi ya sa mutane suka koma cewa intanashinal fasfo, abu dogo kamar layin mai.

To nake tambaya, me za mu riƙa kiran littafin nan da Hausa?

Ina nufin ɗan littafin nan kore mai tambarin dawakai biyu da mikiya da ruwan zinare a bango, sunan ECOWAS a sama, can ƙasa kuma ga wata 'yar alama mai nuna akwai na'ura a cikinsa, tun 2007 Najeriya ta koma irin wannan na lantarki. Akwai mai shafi 32 akwai mai 64, sabon da aka fito da shi a 2019 har na shekara 10 ana yi, shafin hoton kuma ya zama roba mai tauri kamar katin ATM.

Wani malaminmu ya kawo "kundin tafiya". Daɗin ji kam akwai, amma kundi a kunnen Bahaushe na malam ne mai laƙani da hatimi, ka ce wa tsohuwa ki ɗauko kundinki a filin jirgi sai ta zaci addu'o'i kake nufi. Wani ya ce "takardar shaidar ɗan ƙasa", wannan kuma ta yi karo da katin ɗan ƙasa da muke fama da shi na NIN. Wani ɗan'uwa da ya daɗe a Sudan ya ce su can jawaz suke cewa, daga Larabci, ya ce me zai hana mu ara tunda rabin kalmominmu na tafiya daga can suke, ga iƙama ga tasrihi duk alhazai sun san su. Na ce haka ne, amma je Kantin Kwari ka ce jawaz ka ga mutum nawa za su waiwayo.

Ni ra'ayina kada mu wahalar da kanmu. Fasfo ta riga ta zama tamu kamar yadda mota da tebur suka zama, gidajen rediyo ma haka suke faɗa, ba korarta za mu yi ba, raba mata gida kawai za mu yi. Littafin a ce fasfon tafiya, hoton a ce hoton fasfo. Shi ke nan. Da ejan ya ce fasfon tafiya da Kawu bai ɓata kuɗin mai hoto ba.

Inda na fi so mu zauna a kai shi ne kala-kalansa, don nan ne Turanci yake cinye mu. A Najeriya launi ya riga ya yi mana aikin, na kowa da kowa kore, na ma'aikatan gwamnati masu tafiyar aiki shuɗi, na jakadu da manya ja. To koren fasfo, shuɗin fasfo, jan fasfo, ko yaro zai riƙe. In rubutu ne na jarida sai a ce fasfon gama-gari, fasfon aikin gwamnati, fasfon jakadanci. Sai dai a kula launin nan ba na duniya ba ne, koren Najeriya na talaka ne amma na talakan Amurka shuɗi ne, Ingila ma ta bar ja ta koma shuɗi a 2020 bayan ta fita daga Tarayyar Turai, don haka in ana maganar wata ƙasa sunan aikin ya fi sunan launi.

Iyayenmu kuma suna da fasfon alhazai, na aikin Hajji kaɗai, wanda aka daina tunda Saudiyya ta ce sai da fasfon tafiya sosai. Sunan nan nasa bai taɓa rikita kowa ba.

Biza a bar ta biza, wanda yake son dogon bayani ya ce izinin shiga ƙasa. Yalo kat kuwa katin rigakafin shawara ne, kuma na fi son wannan don yana faɗa maka abin da aka yi maka. Takardar da ofishin jakadanci yake ba wanda fasfonsa ya ɓata a waje don ya dawo, tafiya ɗaya tak, ni na ce takardar komawa gida. Wadda Majalisar Ɗinkin Duniya take ba ma'aikatanta mai sunan Faransanci laissez-passer, ma'anar sunan "bar shi ya wuce" ce, sai mu ce takardar wucewa.

Saura guda ɗaya da ta gagare ni, 'yar na'urar nan da aka binne a cikin littafin mai riƙe hoto da zanen yatsa. Wani ya ce ƙwaya, wani ya ce layi kamar na waya. Ƙwaya dai kada, ka tsaya gaban jami'in shige da fice a Jidda ka ce akwai ƙwaya a fasfonka ka gani. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ku da kuka fita ECOWAS a Janairun 2025 aka kawo fasfon AES, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, me kuke ce wa na'urar nan a can?