Masu takayyus a Makka da Jidda, me ya rage muku ƙiba?

Maman Hanan, Makka:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya likita ta tabbatar min ina da takayyus, wanda a gida Najeriya ake ce wa PCOS, wato rikicewar sinadaran jiki da ta shafi gidan ƙwan mace. Al'adata sai ta yi wata uku ba ta leƙo ba, gashi na tsiro min a haɓa, bayan wuyana ya yi baƙi kamar ba na cuɗawa. Kilo 84 nake. Ta ce ko kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyina na zubar, al'adar na iya daidaita. To amma gidanmu a titin Shari'a Mansur tire ɗaya muke ci, burodin tamis da ful, wato dafaffen wake, da safe, shinkafa bukhari da rana. Don Allah wadda ta taɓa shiga wannan hali ta faɗa min yadda ta yi.

Anti Rabi, Jidda:
Wa alaikumus salam 'yata. Shekarata tara da shi. Ki fara cire wa ranki cewa ragwanci ne ko haɗama. Yawancinmu jikin ba ya jin insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, yadda ya kamata, sai ya riƙa zubo shi da yawa. Yawan insulin ɗin ne ke sa jiki tara kitse, yana kuma zuga gidan ƙwan mace ya ƙara sinadarin maza, ga gashin haɓa nan. Baƙin wuyan ma alamarsa ce, kada ki ɓata kuɗinki a man bilicin.

Ni ban raba tukunya da kowa ba, don na gwada na ga ba ta ɗorewa. Abin da na yi, na sayi ƙaramin faranti, ina ɗiba daga tire kafin a zauna. Salak da kaza nake fara ci, shinkafa cokalin miya biyu a ƙarshe. Na farko maigida dariya yake min, wai na koma cin abincin marasa lafiya. Shayin adani kuwa shi ya fi ba ni wuya, don kofi huɗu nake sha a wuni, kowanne da madarar gwangwani da sukari. Na mayar da shi ɗaya bayan la'asar. Cikin wata takwas kilo bakwai ya tafi, al'ada ta dawo duk kwana talatin da 'yan kai.

Ummu Sadiƙ, Madina:
Ni metformin, maganin sukari, aka ɗora ni a kai. Satin farko ban isa in yi nisa da banɗaki ba, ga tashin zuciya. Ashe a tsakiyar cin abinci ake sha, ni kuma ina haɗiya da sassafe cikina wayam. Da na koma, likita ta canza min zuwa mai narkewa a hankali, cikin ya lafa. Shi kaɗai bai rage min wani abin kirki ba, sai dai ya kashe min kwaɗayin zaƙin nan na bayan isha'i. Wadda ta daɗe tana sha ta riƙa auna bitamin B12, yana rage shi.

Fa'iza, Misfala, Makka:
Ni dai ku yi hattara da shayin rage tumbi da ake tallatawa a waya. Riyal 150 na ba wata, gudawa kawai na yi ta yi, ruwan jikina ya zube, ina dainawa nauyin ya dawo har da riba. Na kuma yi wata guda ba shinkafa ba burodi, na zama masifaffiya, ranar wani suna na cinye faranti biyu na kabsa ni kaɗai.

Inda nake faɗuwa duk shekara azumi ne. Abin sha mai zaƙi na sobiya mai sanyi, sambusa, soyayyen ƙulli mai zaƙi na luƙaimat, ga dabino ba lissafi. Bara na tsaya a dabino uku da ruwa, sai miyar shurba, in yi magariba tukuna in dawo in ci abinci. Sobiya ranar Juma'a kawai. A karon farko na fita Ramadan ban ƙara ko kilo ɗaya ba. Uwar mijina dai har yau cewa take ƙiba ce ta hana ni haihuwa, kuma ita ce mai cika min faranti.

Anti Rabi, Jidda:
Na manta ban ambaci motsa jiki ba. Minti 150 a mako ake so aƙalla. Da zafin nan ba mai fita da rana, mu bakin teku muke zuwa bayan isha'i ni da maƙwabciyata, minti talatin sau biyar a mako. Ku na Makka kuna da ɗawafin nafila a saman bene, zagaye bakwai a can ba wasa ba ne, sai dai a gyara niyya.

Zainabu, Riyad:
Ni siririya ce, kilo 56, kuma ina da shi, don haka ba kowa ce maganinta rage ƙiba ba. Maman Hanan, wata ukun nan da kike yi ba al'ada kada ki saba da shi. Bangon mahaifa kauri yake yi in jini ya daɗe bai zuba ba, likita na da maganin da ke saukar da shi. Ki nemi a yi miki gwajin sukari kuma. Mai neman ciki ta tambayi likitarta game da letrozole, maganin da ke sa mace ta saki ƙwai, da shi na samu ɗana bayan shekara huɗu.

Maman Hanan, Makka:
Allah ya saka muku da alheri. Yau na sayo ƙaramin farantin a baƙalar ƙasan gidanmu. Da safe rabin tamis na ci da ful da ƙwai biyu, har azahar ban ji yunwa ba. Anti Rabi, tsiren da ake sayarwa a layinmu fa, da ƙuli-ƙulinsa da mansa, tsinke nawa kike ci?