Zuwa Calaston da Sabana: Ina Za Mu Ci Abinci?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ni da maigida muna shirin tasowa daga Atlanta zuwa Calaston (Charleston) da Sabana (Savannah), tsofaffin biranen nan na gaɓar tekun kudu maso gabashin ƙasar Amurka, kuma muna neman shawarar inda za mu ɗanɗana abincin yankin na asali.

Baban Sadiƙ: Wa alaikumus salam, Hajiya. A Calaston ku bar gidajen abinci masu tsada na titin King, ku nemi girkin Gullah, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma domin noman shinkafa. Hannibal's Kitchen ƙaramin wuri ne marar ƙawa, amma shinkafarsu da kaguwa ta isa a yi tattaki dominta. Za ku kuma tarar da jar shinkafa mai tumatir, wadda ba ta da nisa da dafa-dukanmu, da miyar kuɓewa, da siraran biskit na riɗi da ake sayarwa a tsohuwar kasuwar birnin.

Malama Uwani: Ina da ƙari mai muhimmanci a kan maganar Alhaji. Masu girkin Kudu sukan saka naman alade a cikin jar shinkafa da wake da dafaffen ganye domin ɗanɗano, ba tare da an rubuta a takardar abinci ba, ita kuwa shahararriyar miyar kaguwa ta Calaston ana ɗiga mata giya. Har jatan lande da tsakin masara ma ba su tsira daga naman alade ba, saboda haka sai an tambayi mai kawo abinci ƙarara kafin a yi oda.

Baban Sadiƙ: Gaskiyarki, Malama. A Sabana kuwa akwai gidan abincin Mrs. Wilkes a titin Jones, wanda yake ciyar da mutane tun 1943. Ana bin layi tun hantsi, a zaunar da ku teburi ɗaya da baƙin fuska, a jere kwanuka kowa ya ɗiba.

Malama Uwani: Ni ban cika son wurin ba, domin kwanuka suna zagayawa cikin hayaniya, tambayar abin da ke cikin kowanne tana wahala. Na fi son The Grey, da ke cikin tsohuwar tashar motocin Greyhound ta 1938, inda Mashama Bailey ke jagorantar girki. Yana da tsada, kuma sai an kama wuri tun da wuri.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri. Za mu kama wuri a The Grey, mu fi karkata ga kifi.