Jama'a a taimaka min da asalin sunan Macaulay

Salam 'yan uwa, malamin mu na tarihi ya ba mu aiki kowa ya bi diddigin sunan wani dangi, ni sai na ɗauki Macaulay saboda Herbert Macaulay ɗin da ke jikin tsohuwar naira ɗaya, wallahi yanzu kaina ya kulle.

Abin da na tattara dai sunan na Sikotlan ne, "Mac" ɗin ɗan wane kenan. Matsalar ita ce aƙalla dangi biyu ne daban suke ɗauke da shi, akwai na Ardincaple kusa da Helensburgh, akwai kuma na tsibirin Lewis waɗanda ake cewa nasu daga sunan Olaf na 'yan Viking (tsoffin mayaƙan teku na arewacin Turai) ya fito, ga kuma su McAuley na ƙasar Ailan can gefe. Zachary Macaulay da ya yi gwamnan Saliyo cikin shekarun 1790 daga gidan Lewis yake, ɗansa ne Thomas Babington Macaulay marubucin tarihin nan na Ingila, to baban Herbert ma sunansa kenan sak duk da Bayarabe ne haifaffen Saliyo, shi ya kafa makarantar CMS (ta 'yan mishan na cocin Ingila) a Legas 1859.

Tambayata, 'yan Macaulay na Saliyo da Legas duk daga sunan Zachary suka aro ne lokacin baftisma ko akwai masu jinin Sikotlan ɗin da gaske? Kuma waɗanda suka bazu Kanada da Ostareliya ta yaya ake gane na Lewis daga na Ardincaple tunda rubutun sunan ya cakuɗe? Mai littafi ko rajistar coci da ya sani ya nuna min don Allah.